Ɗan Sukurun Agogo Da Ke Gwada Gwanintar Masu Gyara A Gombe

Duk wanda ya ratsa ta bakin Babbar Kasuwar Gombe, ko ya tsaya jiran mota a ɗaya daga cikin tashoshin garin, ba zai rasa ganin mutanen nan masu ɗan tebur da akwatin gilashi ba, suna zaune ƙarƙashin laima ko inuwar wani kanti, kai a sunkuye, ido ɗaya manne da madubi. Su ne masu gyaran agogo. A da can babban aikinsu shi ne su buɗe cikin agogo su wanke inji, su sa masa mai, su daidaita gudunsa. Yau kuwa aikin da ya fi zuwa gabansu iri uku ne, watau sa batir, da canja fata ko roba, da rage sarƙar da ta yi wa mai ita yawa. Wani zai ce ai waɗannan ƙananan ayyuka ne, ko yaro ma ya yi. To, a nan gizo ke saƙar, domin akwai wani ɗan sukuru wanda bai kai ƙwayar shinkafa kauri ba, in ya ƙi fita yana iya jawo lalacewar agogo mai tsada, ya kuma ɓata tsakanin mai gyara da mai kaya bayan sun yi shekara da shekaru suna hulɗa.

Wannan magana ta shafi 'yan Arewa mazauna Kurmi ta fuska biyu. Ta farko, akwai da yawa daga cikinsu waɗanda sayar da agogo ita ce hanyar abincinsu, suna saro kaya a kasuwannin tsibirin Ikko kamar Idumota, suna yawo da su a tashoshi da wuraren cunkoson motoci, kuma kullum mai saye kan ce a rage masa sarƙa nan take. Ta biyu, da wuya a sami mazaunin Agege ko Idi-Araba, ko Sabo ta Badun, ko Anacha, ko Fatakwal, wanda bai taɓa aika agogo gida ba, ko dai tsarabar tsoho, ko na ƙane, ko kuwa na cikin lefe. Agogon nan ya yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 lafiya lau, amma sau da yawa ranar da ya isa gida, a wajen rage shi, ake ji masa raunin da ba ya warkewa.

YADDA AGOGO YA ZAMA NA KOWA A GOMBE

Masarautar Gombe ta samo asali daga Modibbo Buba Yero, ɗaya daga cikin waɗanda suka karɓi tuta daga hannun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Babban birninta na farko shi ne Gombe Abba. A zamanin Turawa aka mayar da hedkwata Nafada a cikin 1913, sa'an nan a cikin 1919 aka dawo da ita inda garin yake yanzu, wurin da ake kira Doma. A wancan zamani talaka ba ya bukatar agogo. Rana da inuwa da kiran ladan sun ishe shi, ya san hantsi, ya san walaha, ya san azahar da la'asar, in an yi alkawari da waɗannan ake yi.

Abin da ya fara canja wannan shi ne aikin ofis da makarantar boko, sai kuma jirgin ƙasa. Hanyar jirgin da ta tashi daga Kuru kusa da Jos ta bi ta Bauci ta iso Gombe a cikin 1963, ta ƙarasa Maiduguri a cikin 1964. Jirgi ba ya jiran walaha, ƙarfe kaza aka ce, wanda ya makara sai ya ga hayaƙi. Gombe kuwa ta zama babbar matattarar auduga da gyaɗa da hatsi, fatake suna ta kai da kawowa tsakaninta da Kurmi, saboda haka agogon hannu ya shiga cikin kayan da ɗan kasuwa ba ya rabuwa da su.

Bayan an canja kuɗi daga fam da sule zuwa Naira da kwabo ran 1 ga Janairu, 1973, sai ga kuɗin man fetur, sai ga ƙarin albashin nan na Udoji da ma'aikata suka karɓa a cikin 1975 a zamanin Janar Yakubu Gowon. Babur da rediyo da agogo suna cikin abubuwan da mutane suka yi rububin saye. Alhazai su ma ba su dawowa daga Makka da Madina hannu rabbana, akan ga agogo cikin tsaraba tare da carbi da dabino da zamzam. A wannan zamani ne sunaye irin su Seiko da Citizen da Orient na Japan, da Rado da Omega na Suwizalan, suka kama bakin jama'a. Seiko 5, wanda ya fara fitowa a cikin 1963, ba ya bukatar wani, motsin hannu kaɗai ke ba shi ƙarfi, don haka ya karɓu ƙwarai wajen direbobi da 'yan kasuwa.

Amma tun a ranar 25 ga Disamba, 1969, kamfanin Seiko ya riga ya fitar da agogon hannu mai batir irin na kwaz, mai suna Astron, wanda shi ne na farko da aka sa a kasuwa. Cikin shekaru kaɗan irin wannan agogo ya yi araha, ya cika duniya. A cikin 1989 Casio ya fito da ƙaramin agogon roba mai lamba F-91W wanda ko ɗan makaranta yana iya mallaka. Gombe ta zama babban birnin jiha ran 1 ga Oktoba, 1996, bayan ta yi shekara 20 a cikin Jihar Bauci, gari ya bunƙasa, ma'aikata suka ƙaru. Sai dai kuma shigowar wayar hannu a cikin 2001 ta sa kowa yana da lokaci a aljihunsa. Daga nan agogo ya koma kayan ado da alamar girma, aikin masu gyara kuma ya tashi daga cikin inji ya koma kan fata da sarƙa.

BA KOWANE ABU MAI TSAGA BA NE SUKURU

Abu na farko da maigida ke koya wa yaronsa shi ne ya duba kafin ya taɓa. Hanyoyin da ake haɗa sarƙar agogo sun kasu kashi kashi, kowace kuma da yadda ake kwance ta.

Akwai ɗan siririn ƙarfen nan mai sifirin a ciki, wanda masu gyara ke kira fin. Shi ke riƙe fata ko sarƙa tsakanin kunnuwan agogo. Ba a murɗa shi, ba a buga shi. Akan sa wani ɗan ƙarfe mai baki biyu a danna gefensa ciki, sai ya tsuke ya fita. Haɗarinsa ɗaya, yana da tsalle, in ya kuɓuce a cikin ƙurar kasuwa ya zama allura cikin ruwa.

Akwai kuma fin ɗin da ke haɗa gaɓa da gaɓa a jikin sarƙa. Wanda ya fi yawa shi ne wanda aka lanƙwasa waya biyu aka yi shi, saboda haka kansa ɗaya yana da tsaga, har mutum ya rantse sukuru ne. Nan ne 'yan koyo da masu gyaran gida suke faɗawa. Sai mutum ya kawo sukurudireba ya yi ta juyi, abu yana zagayawa bai fita ba, har bakin ƙarfen ya zame ya karce sarƙa. Alamar da ke raba gardama tana nan a bayan gaɓoɓin: in an ga 'yan kibiyoyi an zana, to fin ne, kuma ta inda kibiya ta nuna ake tura shi ya fita. Wajen mayarwa kuwa sai a shigar da shi ta inda ya fito.

Iri na uku shi ne fin mai ɗan zobe, wanda ake yawan samu a agogunan Seiko da Citizen. Fin ɗin kansa sumul yake, ɗan zoben nan ne ke cije shi. Zoben ƙanƙane ne ƙwarai, sau da yawa yakan faɗi ba a sani ba. In aka mayar da fin ba tare da shi ba, sarƙa za ta yi kamar ta haɗu, mai ita ya tafi yana murna, bayan kwana biyu a kan babur fin ya zare, agogo ya faɗi kan kwalta.

Iri na huɗu shi ne sukuru na gaskiya, wanda ake samu a agoguna masu tsada kamar Rolex, da kuma tarin na kwaikwayo da ke bin sawunsu. Wani sukurun guda ɗaya ne dogo, wani kuwa biyu ne, ɗaya ta kowane gefe, dole sai an riƙe ɗaya kafin ɗayan ya kwance. Wanda bai san haka ba sai ya yi ta juya kai ɗaya har la'asar. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

DALILIN DA KE SA SUKURU YA ƘI FITA

Masu gyara sun san dalilai huɗu. Na farko shi ne gumi. Galibin sarƙoƙi da farin ƙarfen nan da ake cewa ba ya tsatsa ake yin su, irin wanda wani Bature mai suna Harry Brearley ya haɗa a birnin Sheffield na Ingila a cikin 1913. Sirrinsa shi ne wani sinadari mai suna kuromiyam da aka gauraya a ciki, wanda in ya haɗu da iska yakan yi wa ƙarfen wata 'yar riga da ido ba ya gani. To, a cikin ramin sukuru iska ba ta shiga sosai, gishirin gumi kuwa yana shiga ya zauna, sai ya huda rigar nan, tsatsa ta kama a ɓoye. A Gombe, inda zafin watan Maris da Afrilu kan kai wajen digiri 40, hannun mutum ba ya bushewa. A Ikko da Fatakwal kuwa ga laima ga iskar teku mai gishiri, don haka agogon da ya yi shekara biyar a hannun mazaunin Kurmi yakan zo da sukuru wanda ya riga ya zama ɗaya da gaɓarsa.

Na biyu shi ne dauɗa. Ƙurar hunturu da man shafawa da sabulu da ruwan da ke shiga wajen alwala sau biyar a yini sukan haɗu su daskare a cikin gaɓoɓi kamar siminti.

Na uku shi ne gam. Kamfanonin agogo da gangan suke ɗiga wani irin gam a kan haƙoran sukuru don kada motsin hannu ya kwance shi. Wanda aka fi sani shi ne Loctite, wanda wani malamin kimiyya a Amurka mai suna Vernon Krieble ya ƙirƙiro a cikin 1953, kamfanin Henkel na Jamus kuma ya saye shi a cikin 1997. Wannan gam ba ya bushewa a fili, sai ya shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe inda babu iska. Yana da launi launi: shunayya shi ne marar ƙarfi, na ƙananan sukurori, shuɗi matsakaici, ja kuwa mai ƙarfi ne ƙwarai, sai an gasa shi ya kai wajen digiri 250 kafin ya saki. Abin baƙin ciki, wani mai gyaran gaggawa in ya ga sukuru yana kwancewa sai ya ɗiga masa gam ɗin nan mai kamawa nan take wanda ake liƙa takalmi da shi. Ya huta yau, ya bar wa na bayansa wahala.

Na huɗu shi ne kayan aiki. Kan sukurun sarƙa galibi bai kai milimita 2 ba, tsagarsa kuwa kamar gashi. In bakin sukurudireba ya yi ƙanƙanta, sai ya ci gefen tsaga. In ya yi faɗi, sai ya karce gaɓa. In ya yi kaifi kamar wuƙa, sai ya taɓo gindin tsaga ya yi ta zamewa. Araha ba ta ado: irin na kwali shida da ake sayarwa a bakin titi ƙarfensu taushi gare shi, tun juyin farko bakin ke murɗewa. Masu hali sukan nemi na kamfanin Bergeon na Suwizalan, amma gwanaye da yawa da na kasuwa suke aiki, sai dai sukan zauna su wasa bakin a kan dutse har ya cika tsagar sukurun da ke gabansu daidai wa daida.

YADDA GWANI KE BI DA SHI

Gwani ba ya fara da ƙarfi. Da farko sai ya raba sarƙa da agogo gaba ɗaya, ya ajiye agogon a cikin akwati. Dalili kuwa, duk abin da zai biyo baya, ruwa ne ko mai ko wuta, abokin gaban inji ne da batir da 'yar robar da ke hana ruwa shiga.

Sa'an nan ya wanke sarƙa da ruwan ɗumi da sabulu da tsohon burushin haƙori, ya sa tsinken sakace ya share tsagar sukuru har gindinta ya fito. Sau da yawa dauɗar da ta cike tsaga ce ke hana sukurudireba zama.

Daga nan sai ya liƙa salatef a gefen gaɓa don kariya, ya kafa sarƙa a cikin wani ɗan katako ko roba mai tsaga yadda ba za ta motsa ba. Ba a riƙe sarƙa a tafin hannu ana juyi. Masu gyara da yawa suna ɗauke da tabon wannan kuskure a yatsunsu.

Wajen juyi, ƙarfin dannawa ƙasa ya fi na murɗawa. Sukurudireba a tsaye cak, ɗan ali a bisa kansa, babban yatsa da na tsakiya suna juyawa a hankali. Sukuru yana ɗaurewa ta inda hannun agogo ke tafiya, yana kwancewa ta akasin haka. Wata dabara ita ce a ɗan ƙara ɗaure shi kaɗan tukuna, kamar faɗin gashi, domin wannan kan fasa tsatsar da ta riƙe shi, sa'an nan a komo baya. In an gwada sau biyu bai motsa ba, gwani sai ya dakata. Wanda ya dage a karo na uku da na huɗu shi ke cinye kai.

In ana zaton tsatsa ce, sai a jiƙa wurin da kananzir ko man feshin nan WD-40, a ajiye ya kwana, har ma kwana biyu. Mai agogo yakan ƙosa ya ce, “Haba Malam, sukuru ɗaya ne sai gobe?” Amsar da ake ba shi ita ce sannu ba ta hana zuwa.

In kuwa gam ne, mai ba ya yi masa kome, sai zafi. Hanya mafi sauƙi ita ce a tsoma sarƙa cikin tafasasshen ruwa na 'yan mintoci, a tsamo, a gwada tun tana da zafi. In bai saki ba, sai a aro ƙarfen narka dalma na masu gyaran rediyo ko waya, a ɗora bakinsa a kan sukurun kaɗai na ɗan lokaci. Wannan ya fi kunna ashana ko leta, domin harshen wuta kan ɓata launin ƙarfe, in kuma sarƙa mai ruwan zinariya ce sai ta yi baƙi ko ta saɓule. Agogunan Rado suna bukatar kula ta musamman. Tun daga DiaStar na 1962 kamfanin ya yi suna wajen kayan da ba su karcewa, daga baya kuma ya shiga yin gaɓoɓi na tangaran. Abu mai tauri irin wannan ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi, saboda haka guduma ba ta zuwa kusa da shi.

IN KAI YA CINYE KO YA KARYE

Wani lokaci agogo kan zo bayan an riga an yi masa aika-aika a gida da bakin reza ko wuƙa. In sauran tsaga tana nan, mai gyara kan sa siririn magagari ko ƙarfe mai tsini ya zurfafa ta, ya wasa sukurudireba daidai da sabuwar tsagar. In kai ya shafe sarai, sai dai a huda da ɗan mitsitsin abin huji, aikin da ke bukatar ido da natsuwa, domin in hujin ya karkace ya ci haƙoran gaɓa, ta tashi aiki. A nan mai hankali kan tsaya ya yi lissafi. In gaɓar da ake so a cire ta ƙi, sau da yawa ta kusa da ita za ta yarda, bukata kuwa ita ce sarƙa ta ragu. Babu dalilin yin kokawa da sukuru ɗaya alhali ga wata ƙofa a buɗe.

Tsofaffin masu gyara suna da wata dabara ta alif, wannan da ake tace ruwa da shi. In sukurun baƙin ƙarfe ya karye a cikin farantin inji na tagulla, akan cire duk sauran kayan ƙarfe, a jiƙa farantin cikin ruwan alif mai ɗumi, a hankali alif ya cinye guntun sukurun ya bar tagulla lafiya. Amma wannan magani na cikin inji ne. Ba a dogara da shi a kan sarƙar farin ƙarfe, domin ita da sukurunta jinsi ɗaya ne.

RAGE SARƘA DA LISSAFI AKE YI

Fitar da sukuru rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne a san gaɓa nawa za a cire, kuma daga ina. Mai gyara kan ɗaura agogo a hannun mai shi, ya tattara rarar da yatsa ya ƙirga. In huɗu ne, sai a cire biyu ta kowane gefe, don makulli ya zauna a tsakiyar cikin hannu. In adadin bai rabu daidai ba, akan fi cirewa ta gefen ƙarfe 6, domin hakan na hana agogo zamewa ya koma bayan hannu. Wanda ya kwashe duka daga gefe ɗaya don gudun wahala, ya bar mai agogo da juya shi kullum.

Har wa yau, yawancin makullai suna da 'yan ramuka a gefe, uku ko huɗu, inda ake matsar da fin gaba ko baya. Da su ake cike ɗan abin da bai kai gaɓa guda ba. Ma'aunin da aka saba da shi shi ne ƙaramin yatsa ya iya shiga tsakanin makulli da fata da ƙyar. Hannun mutum kan kumbura da zafi ya sake da sanyi, don haka wanda aka auna da safiyar hunturu ya kamata a bar masa ɗan sarari saboda bazara.

Wajen mayar da sukuru, sai a goge tsohon gam, a ɗiga sabo marar ƙarfi da tsinin allura a can ƙarshen da ke da haƙora kaɗai. In ya malala cikin gaɓa sai ta sandare ta daina lanƙwasa. A ɗaure har ya tsaya, kada a ƙara.

AMANA ITA CE JARIN MAI GYARA

Rigimar da ke tashi a teburin mai gyara ba ta cika zama a kan kuɗin aiki ba, domin ladan rage sarƙa bai taka kara ya karya ba. Takan tashi a kan karce, ko gaɓar da ta ɓace, ko zargin an musanya wani abu. Agogo kuma ba kullum kuɗinsa ne darajarsa ba. Wani na mahaifi ne da ya rasu, aka ba ɗa a cikin rabon gado. Wani tsarabar aikin Hajji ne ta shekara arba'in. Irin wannan in ya karce, ba a biya.

Saboda haka masu gyaran da suka san ciwon kansu suna da ka'ida. Sukan duba agogo a gaban mai shi, su nuna masa duk tabon da ya zo da shi. In sukuru ya nuna alamar gardama, sukan faɗa tun da wuri cewa, “Alhaji, wannan yana iya karyewa, in ka yarda a gwada, in ba ka yarda ba a bar shi.” In an gama, sukan ƙulle gaɓoɓin da aka cire da sukurorinsu a 'yar leda su miƙa wa mai kaya. Wannan haƙƙinsa ne. Jiki kan ƙaru, agogo kan koma hannun wani, gaɓar agogo na asali kuwa tana da wuyar samu a Gombe, wani lokaci sai an aika Kano ko Ikko. Mai agogo shi ma da nasa: ya faɗi gaskiya in an riga an taɓa a gida, kada kuma ya tsaya a kan mai gyara yana ce masa ya yi sauri mota za ta tashi.

SHAWARA GA MAZAUNA KURMI

Wanda zai aika agogo gida, ya sa a auna hannun wanda za a ba da zare ko tef ɗin tela, a gaya masa tsawon ta waya. In ya ga dama a rage a wurin da ya saya tun agogon yana sabo, to ya haɗa da gaɓoɓin da aka cire ya aika. In ba a sami awo ba, gara a aika da sarƙa cikakkiya, domin ragewa ta fi ƙari sauƙi.

Wanda zai sayi fata ko roba, ya san faɗin da ke tsakanin kunnuwan agogon. Na maza galibi milimita 18 ne ko 20 ko 22, na mata kuma ƙasa da haka. Wadda ta yi faɗi ba ta shiga sai an yanka, wadda ta yi ƙanƙanta kuwa takan bar fin a fili har ya tsalle. A riƙa canja fin duk lokacin da aka canja fata, kuɗinsa kaɗan ne, shi ne kuma ke ɗauke da agogon duka. A zafin Arewa da laimar Kurmi fata ba ta daɗewa, roba da sarƙa sun fi jurewa.

Masu tallan agogo kuwa, ya kamata kowa ya mallaki sukurudireba mai kyau kala biyu ko uku, da abin tura fin, da ɗan katakon kafa sarƙa. Ya kuma san iyakarsa. In mai saye ya miƙo wani tsohon agogonsa mai tsada ya ce a taimaka a rage, babu kunya a ce masa ya kai wa mai tebur.

Ga kowa da kowa, wanke sarƙa da burushi lokaci lokaci, a kuma shanya ta sosai, yana hana tsatsa samun wurin zama. Rigakafi ya fi magani.

INA SANA'AR TA DOSA?

Agogunan zamani masu haɗuwa da waya sun zo da nasu salo. Apple Watch, wanda ya shiga kasuwa a cikin 2015, maɓalli ake dannawa robarsa ta zare, ba sukuru ba fin. Agoguna masu araha kuma sun yi yawa har wani in nasa ya tsaya sai ya jefar ya sayi sabo. Wannan ya rage wa masu tebur ciniki, samari da yawa kuma sun fi son koyon gyaran waya. Duk da haka hannun da ya saba da sukurun agogo ba ya shan wahala a kan na waya ko na tabarau, domin ka'idar ɗaya ce: baki ya dace da tsaga, a danna kafin a juya, in ya ƙi a dakata.

Muddin ana haɗa lefe, ana zuwa Hajji, 'yan ci-rani kuma suna komawa gida da tsarabar Salla, sarƙa za ta ci gaba da yi wa wani yawa, kuma za a nemi wanda ya iya rage ta ba tare da ya bar tabo ba. Ya rage ga dattawan sana'ar a Gombe su sami yaran da za su zauna su koya, ga masu agogo kuma su riƙa biyan ladan aiki da daraja, don kada wata rana a nemi gwani a rasa. Allah ya sa albarka a cikin sana'a, ya kai matafiya gida lafiya.